Hannayen Maƙwabcina

Shekara shida muka yi muna haya a gida ɗaya da shi a Hayin Banki. Ni da iyalina muna ɓangaren da ke kallon titi, shi da matarsa da 'ya'yansu mata biyu suna na ciki, kusa da rijiya. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, gajere kakkaura, yana gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago bayan tashar Kawo. Kowa Injiniya yake ce masa. Shi kuma Malam yake ce mini, ko da yake ni akawu ne kawai a wata ma'aikatar gwamnati.

Wata Asabar da hantsi na kai masa fankarmu da ta daina juyawa. Ina zaune a kan benci yana kwance ta, sai wata farar bas mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar shagon. Ba ta da lamba. Mutum uku suka fito cikin kayan gida. Na gabansu dogo ne mai baƙin tabarau, kuma ya yi sallama cikin ladabi kamar wanda ya kawo gyara.

"Sannunku da aiki. Wane ne mai shagon?"

Injiniya ya ce shi ne. Dogon ya nuna wata babbar talabijin da ke jingine da bango.

"Wa ya kawo wannan?"

"Wani saurayi ne, shekaranjiya. Ya ce zai dawo ya karɓa."

"To, ta sata ce. Zo mu je ofis ka yi bayani, ba za ka daɗe ba." Sai ya juyo gare ni. "Kai fa?"

Na ce, "Ni gyara na kawo."

Ban yi ƙarya ba, amma ban ce maƙwabcina ne ba. Injiniya ya goge hannu a jikin wandonsa, ya miƙo mini makulli, ya ce, "Malam, ka rufe mini shagon, ka gaya wa Madam." Dogon ya sauke tabarau kaɗan, ya dube ni.

"Ashe kun san juna," in ji shi.

Kwana goma sha ɗaya ba mu ji ɗuriyarsa ba. Matarsa malamar firamare ce. Ta ajiye aiki ta shiga bin ofisoshi, ko'ina a ce mata babu mai wannan suna a littafi. Sau biyu na raka ta. A na biyun wani abokin aikina ya hango mu, ya ja ni gefe ya ce, "Ka raba kanka da maganar nan. Waɗannan in sun riƙe fuskarka ba sa mantawa." Daga ranar na fara fita aiki da sassafe, kafin ta buɗe ƙofarta. Ta gane, ba ta kuma sake neman rakiyata ba. Gaisuwa dai ba ta fasa ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Fastonsu ne ya gano inda yake, ya tsaya masa. An ce an kama ɓarawon na gaskiya a wani gari, shi ya sa aka sake shi. Da la'asar aka kawo shi a Keke Napep. Ya sauko da ƙafarsa, amma hannayensa suna lilo a gefensa kamar ba nasa ba. A wuyan kowane hannu akwai baƙin zobe na miki. Ƙaramar 'yarsa ta rugo ta rungume shi, ya tsaya yana kallonta, ya kasa ɗaga hannu ya shafa kanta. Tsawon wata guda matarsa ce ke ba shi abinci a baki, ita ke ɓalle masa maɓallin riga.

Bai ba ni labari ba sai bayan wata biyu, wata ranar Lahadi da suka dawo daga coci, muna zaune a tsakar gida. Ni ban tambaye shi ba. Ya ce sun ɗaure masa hannu ta baya, suka zura ƙarfe, suka rataye shi tsakanin tebura biyu, kansa yana kallon ƙasa. Suna so ya faɗi inda sauran kayan suke, shi kuwa bai san komai ba. Da azaba ta kai masa iya wuya, sai ya ƙirƙiro wani gida a Kawo ya ce can ne. Suka je ba su sami komai ba, suka dawo suka ƙara rataye shi.

"Dogon nan shi ya yi maka haka?" na tambaya.

"Ko taɓa ni bai yi ba, Malam. Kujera yake ja ya zauna, yana ɓare gyaɗa yana ci. In na yi shiru sai ya ce da yaransa, 'Ku duba ko ya yi barci.'"

Sannan ya ce har yanzu ba ya iya jin ƙarar jan tebur. Ko a coci aka ja benci, sai gumi ya karyo masa.

A hankali hannun dama ya dawo, sai yatsu biyu da suka mutu. Ya koma shago, yana riƙe sukudireba da hannu biyu, aikin awa ɗaya ya kai shi wuni. Muka ce Alhamdu lillahi, abin ya wuce.

Wata rana na biya ta shagon a hanyata ta dawowa daga aiki, na tarar da shi tsaye, fuskarsa ta yi fari fat kamar toka. A kan teburinsa akwai wata 'yar rediyo.

"Ya zo," in ji shi.

"Wa?"

"Shi. Ya ce, 'Injiniya, ya jiki? Duba mini wannan.' Malam, na duba. Lafiyarta lau."

Daga nan kusan duk bayan mako biyu sai dogon ya zo. Wani lokaci da rediyo, wani lokaci hannu rabbana. Ya zauna a bencin nan da na zauna, ya tambayi lafiyar Madam, ya tambayi ajin da babbar yarinyar take, har sunan makarantarta ya sani. Bai taɓa yin barazana ba. Ya gama hira ya ce a gaida gida, ya tafi. Masu shagunan da ke kusa suka daina zama a wurin Injiniya.

Da damina ta kama, wata lauya ta zo gidanmu tare da Fasto. 'Yar siririya ce mai sanyin murya, tana aiki da wata ƙungiya mai taimakon waɗanda aka gana wa azaba a tsare. Ta ce akwai ranar da duniya ta keɓe a ƙarshen watan Yuni don irinsu, za su yi ɗan taro, tana so ya zo ya yi magana. Kuma in ya yarda za su shigar da ƙara, amma suna bukatar wanda ya ga lokacin da aka tafi da shi lafiyarsa ƙalau. Duk suka juyo suka dube ni.

Na ce zan yi shawara.

Da suka tafi, maiɗakina ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Maigida, da kai aka saka a motar nan, kana ganin shi zai ce zai yi shawara?" Na ce mata aikin gwamnati nake yi, muna da yara huɗu. Ta ce su ma suna da biyu, ta ɗauki tsintsiyarta.

Ranar taron na ce zan raka shi kawai. Wani ɗan zaure aka kama, ruwa yana dukan kwano har sai mai magana ya ɗaga murya. Ba mu cika rabin kujerun ba. Wani direban tasi ya nuna tabon dukan da ke bayansa. Wata tsohuwa ta zo da hoton ɗanta, shi bai dawo ba. Ana gab da kiran Injiniya sai ƙofar baya ta buɗe, dogon ya shigo yana kakkaɓe lema, ya zauna a layin ƙarshe, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Na taɓa Injiniya na ce, "Mu tafi."

Ya waiga ya gan shi. Da aka kira shi, ya tashi ya tafi gaba. Ya kasa riƙe makirufo, sai lauyar ta riƙe masa. Ya faɗi komai: motar, teburan, ƙarfen, har gyaɗar. Bai nuna kowa ba, bai kalli layin ƙarshe ba ko sau ɗaya. Da ya gama ya ce, "Ni ban saci komai ba. Gyara nake yi." Wanda ya fara tafa masa dogon ne, a hankali, sau uku ko huɗu, sannan ya ɗauki lemarsa ya fita.

A nan kan teburin lauyar na rubuta abin da na gani, na sa hannu. Ba jarumta ba ce. Kunya ce ta fi ƙarfin tsorona na ɗan lokaci, kuma kafin mu iso gida tsoron ya dawo.

Cikin makon nan farar bas ɗin ta fara tsayawa a bakin layinmu. Ba wanda ke fitowa daga ciki. Ta yi awa ɗaya ko biyu da rana tsaka, injin yana aiki, sannan ta tafi. Mata suka hana yara wasa a waje. Mai shagon da Injiniya ke haya ya ce yana bukatar wurinsa, ya ƙi faɗin dalili. Wata rana babbar 'yar Injiniya ta dawo daga makaranta da alewa a hannu, ta ce wani dogon mutum ne ya ba ta, ya ce ta gaida babanta.

Kwana uku bayan haka Injiniya da iyalinsa suka ɗaure kaya. Na taya su lodi a bayan akori-kura. Injiniya ya miƙo mini hannu, na kama a hankali, ya ce, "Malam, na gode. Ka kula da kanka." Suka koma garinsu. Muna waya jifa-jifa. Ya ce ya buɗe ɗan shago a can, hannun hagu dai har yau bai dawo ba. Ƙarar tana kotu, an ɗage ta har na daina ƙirga. Lauyar ta ce in an zo kan shaida za a kira ni.

Bas ɗin ta daina zuwa bayan tafiyarsu. Amma watan jiya ina tsaye a Kawo da safe ina jiran mota, na ji an dafa kafaɗata. Na juya, dogon ne.

"Malam akawu, ina kwana? An ce an mayar da kai hawa na biyu. Allah ya sanya alheri."

Kwana huɗu ke nan da aka sauya mini ofis, ko maiɗakina ban kai ga gaya wa ba. Na ce amin. Ya tsaya a gefena har motata ta zo, ya buɗe mini ƙofa, ya jira na zauna, sannan ya rufe.