Takalmin Lefe da Ƙafata ta Hagu

Assalamu alaikum Edita da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran 'yan'uwana mata a nan, yau na ce bari in kawo nawa, ko da yake duk wanda aka ce masa takalmi ne ya kusa kashe min aure dariya zai fara yi. Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, muna zaune a Kumbiya-Kumbiya cikin garin Gombe. Ni ce babba a ɗakinmu. Unguwa ta san ni da hijabi har ƙasa da tafiya a hankali, har iyaye suna yi wa 'ya'yansu misali da natsuwata. Ni kuwa na san ba wata natsuwa ba ce, ƙafa nake ɓoyewa.

Ina ƙarama shan inna ya taɓa min ƙafar hagu. Allah Ya taƙaita, ban gurgunce ba, ɗingishin ma sai na gaji ko na yi sauri yake fitowa. Amma ƙafar ta tsaya a baya wajen girma. Ta dama lamba talatin da tara take ci, ta hagu kuwa talatin da bakwai ma da ƙyar take cikawa, ga ta siririya, kullum a sanyaye. Duk takalmin da za a saya min sai dai a bi ta dama, ta hagun ta yi ta iyo a cikin nata. Da na ɗaga ƙafa sai dunduniya ta fito, takalmi ya biyo baya yana fat-fat. Tun ina firamare Umma, wato mahaifiyata, ta zama gwanar dabara. Ta cusa auduga a wajen yatsu, ta yanko soson katifa ta saka a baya, ta sa min safa biyu a ƙafa ɗaya ko da ana zafi. In mun je Kasuwar Gombe ita take karɓar takalmin ta miƙo min na dama in gwada, in mai shago ya ce a gwada ɗayan sai ta ce ai duk ɗaya ne, sauri muke yi. Ban taɓa ganin laifinta ba. Ta ji irin sunan da ake kiran 'ya'yan wasu da shi, ta yi alkawarin ba za a kira tata da shi ba.

Ana haka Allah Ya kawo min manemi, ma'aikacin gwamnati, ɗan wani gidan Fulani a Nasarawo. Mutum ne mai sauƙin kai, ga barkwanci, na kuma so shi sosai. In zai zo zance sai in riga shi zama a zaure, ba na tashi sai ya juya baya. Na sha ɗaura niyyar gaya masa, har na taɓa fara maganar a zuci tun daga makaranta har gida. Da na shawarci Umma sai ta kira Goggo, ƙanwar babana, suka zaunar da ni. Goggo ta ce namiji in ya gani bayan aure zai haƙura, amma danginsa mata in suka ji kafin aure su ne za su rusa komai. Ta tuna min wata yarinya a layinmu da aka fasa aurenta a kan abin da bai kai nawa ba. Umma kuwa hawaye kawai take sharewa da bakin zane. Daga ranar na kama bakina, don tsoron rasa shi ya fi min komai nauyi.

Da lokacin lefe ya matso, yayyen ango suka aiko a ba su awon amarya kamar yadda aka saba. Umma ta ce a gaya musu talatin da tara. Akwatuna suka iso, 'yan kallon lefe suka yaba, kowane takalmi da jakarsa. A ciki akwai wani rufaffe mai tsini, ruwan zinare, wanda babbar yayar ango ta jaddada cewa shi za a saka ranar kai amarya, saboda mahaifiyarsu, wadda suke kira Dada, ita ta zaɓe shi da kanta. Da aka watse na kulle ɗaki na gwada. Na dama ya zauna kamar a ƙafata aka ƙera shi, na hagu kuwa yatsun hannuna biyu suna shiga ta baya. Ga shi ni tunda nake ban taɓa hawa tsini ba, takalmana duk shimfiɗaɗɗu ne masu maɗauri. Ko tsakar ɗakin ban ƙetare ba dunduniya ta suɓuce, na dafa bango. Na ce wa Umma a nemi wani uzuri in saka nawa na gida, ta ce amarya ta ƙi takalmin da uwar miji ta zaɓa, da wane baki za a yi bayani?

Ranar kai amarya, bayan la'asar, motoci suka cika layi. Muka shiga ƙuryar ɗaki ni da Goggo da babbar ƙawata, wadda ita kaɗai ce a ƙawayena ta san halin da nake ciki. Dabarun Umma duk suka ƙi aiki a ranar. Bayan takalmin gajere ne, ga santsi, soso in an saka sai ya tsallako waje. Filasta ta ƙi kama fata saboda gumi da man da aka shafa min bayan lalle. Sai ƙawata ta ruga shagon bakin layi ta sayo sufagulu, gam ɗin nan mai saurin kamawa da ake liƙe fasasshen abu da shi. Niyyarta a manne auduga a jikin takalmin ne, ba a ƙafata ba. Goggo ta danna auduga a bayan takalmin, ƙawata ta matse gam ɗin kaf a kai. A waje ana ta danna hon, iyayen ango mata suna kiran a fito da amarya kar magariba ta same mu a hanya. Ban jira ya bushe ba, na zura ƙafa.

Babu wadda ta sani a cikinmu cewa gam ɗin nan in ya haɗu da auduga zafi yake ɗauka kamar garwashi. Na ce musu yana ƙona ni, Goggo ta ce in daure yanzu zai huce, ta ja lafaya ta rufe min fuska. Na fito ina kuka mai cin rai, mata suna ta ba ni haƙuri a kan rabuwa da gida. Har na ji wata tsohuwa tana cewa rabon da ta ga amarya mai kukan gaskiya irin nawa an daɗe, 'yan matan yanzu da dariya ake kai su. Takalmi kuwa ya zauna daram. A ranar na yi tafiyar da ban taɓa yin irinta ba, dunduniya ko motsi ba ta yi.

Abin da duk muka manta shi ne, ba ɗakina za a fara kai ni ba. Sai an fara kai amarya wajen uwar miji an damƙa amana, kuma ba a taka ɗakin suruka da takalmi. Muna isa ƙofar Dada kowa ta tuɓe nata. Na zare na dama, na hagu ya ce bai san zancen ba. Gam ya ratsa audugar ya kama fata. Ga mata a bayana ana guɗa, ga yayyen ango a tsaye suna jiran in shiga. Goggo ta duƙa kamar tana gyara min lafaya, ta riƙe takalmin da hannu biyu, ta fizge. Na ji ƙarar abin a cikin kaina. Ban yi ihu ba, mayafi na cusa a baki na cije. Na shiga na durƙusa gaban Dada, na zauna a kan ƙafar don in rufe ta.

Aka yi nasiha, aka yi addu'a, ni dai ba abin da nake ji sai bugun ciwon. Da aka ce in tashi sai ga jini a kan darduma. Dada tsohuwa ce mai ƙarancin magana, irin masu fulakon nan da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa. Ta gani kafin kowa. Sai ta ja sallayarta ta ɗora a wurin, ta yi wa 'ya'yanta magana da Fulatanci su kai baƙi cin abinci, a bar mata amarya. Goggo ta so ta tsaya, Dada ta ce mata cikin ladabi ai an riga an ba ta amana. Da ɗaki ya rage mu biyu ta ce in miƙo ƙafar. Na ƙi. Ta kira ni 'yarta, ta sa hannu ta jawo ƙafar ta ɗora a cinyarta. Na zuba mata ido in ga yadda fuskarta za ta canza in ta ga ƙanƙantar ƙafar, amma ciwon kawai take dubawa. Ta tambayi wanda ya yi min haka, na kwashe komai na gaya mata. Sai ta ce da an gaya mata gaskiyar awon da takalmin nan ƙafa biyu za ta saya, lamba daban-daban, kuma ba wanda zai ji. Ta aika aka kira ango, ta ce ya kai ni asibiti yanzu.

Magana ba ta ɓoyu ba. Babbar yayarsa ta ce an yi musu rufa-rufa, a mayar da ni gidanmu kawai. Labari ya kai Kumbiya-Kumbiya, Umma ta daina cin abinci. Dada ce ta tsaya, ta ce amarya a ɗakinta aka damƙa ta, ba kuma za ta fita ba sai da izininta. Amma ni ba yayarsa nake tsoro ba, shirun mijina nake tsoro. Ciwon ya ƙi saurin warkewa, likita ya ce jini bai cika gudana sosai a ƙafar ba. Mijina ne yake kai ni wankin ciwo, bai taɓa fashi ba, yana riƙe ni in hau mota, amma barkwancin nan duk ya ɗauke. Kullum na ji ya yi gyaran murya sai in ce yau za a sallame ni.

Wata rana muna dawowa daga asibiti ya tsayar da mota a gefen titi. Ya ce ƙafata ba ta dame shi ba, ko a zaure na nuna masa ba abin da zai canza. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne duk watannin da ya yi yana zuwa wajena, ina kallonsa ina dariya da shi, ashe a raina na yanke masa hukuncin mutumin da zai gudu saboda ƙafa. Sannan ya tambaye ni ko akwai sauran wani abin da bai sani ba. Na rantse masa babu. Ya ce to, zai yi ƙoƙari ya yarda. Bai sake ni ba, ga mu yau har da 'ya'ya. Amma na daɗe in na gaya masa magana, ko ta cefane ce, sai ya ɗan dube ni kafin ya amsa. Wannan kallon ya fi ciwon dunduniyar daɗewa bai warke ba.

Abin da nake so 'yan'uwana mata su ɗauka ke nan. Takalmin da ya yi miki yawa, ki kai wa mai gyara ya ɗinka masa fata ta ciki ko ya sa masa maɗauri, ni ma yanzu haka nake yi, kuma ƙafa biyu nake miƙa masa ya auna. Kada ki kusanto da gam kusa da fatarki, balle a kan auduga. Wanda zai aure ki kuwa, ki gaya masa abin da Allah Ya yi ki da shi tun yana zaure. In zai tafi ya tafi a lokacin, in kuma mai zama ne kada ki zalunce shi da zato. Iyaye mata, na san ƙauna ce take sa ku rufe, amma yarinyar da aka koya wa ɓoye jikinta tana girma ne da tunanin ita abin kunya ce. Ban riƙe Umma da komai ba, Allah Ya sani. Har yau in na je gida na miƙe ƙafa a tabarma, sai ta ja gefen zanenta ta rufe min ita, ko da mu biyu ne a ɗakin. Ni kuma sai in bar ta ta rufe, don ni na warke, ita ce har yanzu ba ta warke ba.