Injin da na sa aka canja wa maigidana

Rabin falonmu na unguwar Highbridge, nan ƙasar waje, tebur ne ya cinye shi. Faffaɗan katako ne maigidana ya ɗora a kan ƙafafu shida, ya shimfiɗa masa siririn layin dogo, ya yi tuddai da kwali, har da ɗan masallaci da ya sassaƙa da hannunsa ya ajiye kusa da tasha. A bakin dogo ya tashi can gida, mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne. Da ya ajiye aikin kanikancin manyan motoci a unguwar Jamaica ta Queens, yara kuma kowa ya kama gabansa, sai ya koma kan jiragen wasa.

A cikinsu akwai wanda ya fi so, wani jan tarago mai farfela a goshi, irin wanda ake share ƙanƙara daga kan dogo da shi. Farfelar ta juya, ta kwashi farin gari ta watsa gefe. Da farko garin tuwona ya riƙa ɗiba yana barbaɗawa a matsayin ƙanƙara. Na ce masa ya ji tsoron alhakin abinci, bai daina ba sai da kyankyasai suka zo suka taya ni magana. Daga nan ya koma murtsuke farin soso.

Lokacin da ya sayo taragon, ƙararsa ba ta wuce ta keken ɗinki ba. Amma kullum yana cikin kwance shi da ɗaurawa, da sukundireba da tabarau a kan hanci, kuma duk gyaran da ya yi sai ƙarar ta ƙaru. Kafin sanyi na biyu ta koma kamar injin markaɗe. Ina karatuna bayan azahar, sai in rasa ayar da nake. In yi masa magana daga bakin kicin, ko waiwayowa ba ya yi. Sallama ma sai in yi biyu, uku, kafin ya amsa. Na zauna na yi kuka ba sau ɗaya ba, ina cewa a raina mutumin nan ya gaji da ni, ya sami abokin hira na ƙarfe. A garin da ba ka da kowa sai mutum ɗaya, shirunsa nauyi gare shi.

Sai ga maƙwabciyarmu ta ƙasa, wata baiwar Allah 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, da rana take samun barci. Ta fara da buga silin da sandar tsintsiya. Rannan ta tare ni a matakala tana dariya, amma idonta jawur, ta ce, “Hajiya, nika kuka buɗe a sama ne? Ku faɗa mini in kawo masarata.” Kunya ta kama ni har ƙafata.

Na yanke shawarar in gyara abin ba tare da na ɓata wa kowa rai ba. Ranar da ya tafi ɗaurin auren ɗan abokinsa a Staten Island, na naɗe taragon a ɗankwali, na sa a jaka, na hau bas na hau jirgin ƙasa har shagon da yake sayen kayansa a Queens. Mai shagon wani dattijon Bature ne. Ya ɗora shi a kan dogo, ya kunna, ya yamutsa fuska, ya buɗe cikinsa. Ya nuna mini cewa an cire robar da inji ke zama a kai, an manne injin da jikin taragon, an kuma liƙa wani ɗan gwangwani yadda zai riƙa kaɗawa. Ya ce wanda ya yi wannan ƙarar yake nema. Ni kuwa na ɗauka yana nufin mijina bai iya aiki ba, har na ji haushi, mutumin da ya shekara talatin cikin injuna. Na ce dai ya sa masa sabon inji marar ƙara. Ya sa, ya zuba mini tsohon da gwangwanin a 'yar ambulan. Na dawo ina jin daɗi kamar wadda ta yi sadaka a ɓoye.

Washegari bayan azahar ya barbaɗa sosonsa a kan dogo, ya murɗa makunni. Na laɓe a bakin kicin ina jiran ya juyo ya yi murmushi. Taragon ya tashi sumul, farfela tana juyawa, farin gari yana tashi, ba ka jin komai sai ɗan shuu. Ya tsaya yana kallo. Ya sunkuya ya kai kunnensa na dama kusa da dogo, ya juya na hagu. Ya ƙara wuta har taragon ya kusa sauka a kwana. Sannan ya kashe, ya zauna a kujera a hankali, irin zaman wanda aka yi wa rasuwa.

“Hajiya, zo ki yi mini magana,” ya ce.

Na matso na tambaye shi lafiya. Bakina yake kallo, ba idona ba.

“Ina ganin kina magana,” ya ce. “Injin nan kaɗai ya rage mini da nake ji sosai. Yau shi ma ya tafi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Sai a lokacin na gane kunnensa ne ya tafi. Komai ya dawo mini: talabijin da yake ƙure wa murya, waya da ya daina ɗauka yana cewa 'yarmu Turanci take zuba masa da sauri, yadda ya ce min a masallaci ya fi son tsayawa tsakiyar sahu. Ashe na gefensa yake kallo ya san an yi ruku'u. Shekara biyu yana ɓoye mini, ni kuma ina zarginsa da wulaƙanci.

Ban san yadda zan yi iƙirarin laifi da ihu ba. Na je na ɗauko ambulan ɗin daga ƙarƙashin dadduma, na buɗe tafin hannunsa na juye masa tsohon injin da gwangwanin. Ya daɗe yana kallonsu. Ya kalli taragon, ya kalle ni. Na kai bakina kunnensa na ce ya yafe mini, ni na kai aka canja. Sai ya yi wata 'yar dariya hawaye na bin gemunsa, ya ce ashe matarsa har Queens take zuwa ita kaɗai, shi bai sani ba. Ya ce shi ma in yafe masa, kunya ce ta hana shi faɗa, kada in fara kallonsa tsoho.

Tare muka mayar. Ni na riƙe masa fitila da ƙananan kusoshi a murfin kwalba, shi yana liƙa waya. Da ya kunna, ƙarar nan ta cika falo, na ga kafaɗunsa sun sauka.

Da yamma na sauka wajen maƙwabciya da kwanon dambu, na faɗa mata gaskiya. Ta ce irinsa take yi wa wanka tana ciyarwa kullum, ta sani. Muka shirya a kan ya riƙa kunnawa tsakanin la'asar da magariba, lokacin ta riga ta tashi.

'Yarmu ta zo ta kai shi asibiti, aka ba shi na'urar kunne. Yana sawa in za shi masallaci, amma ya ce muryar mutane a cikinta kamar daga rijiya take fitowa. Hirarmu har yau ba ta da yawa. Ina wuni da magana a bakina ba inda zan kai ta, wata in faɗa wa Allah a sujada, wata in bari ta wuce. In an yi la'asar sai in ja kujerata kusa da teburin da carbina, injin yana ta markaɗensa. Sanyin bana na lura ya fara shimfiɗa tafin hannunsa a kan katakon in taragon zai wuce, kamar da hannu yake sauraron girgizarsa. Ban tambaye shi ba. Ni ma nakan ɗora nawa kusa da nasa.