Ni Na Tura Shanu Cikin Waken Ƙanina

Ni ne da laifi, kuma na daɗe da sanin haka kafin bakina ya iya faɗa. A lokacin ni ne babba a gidanmu a Saji, ni aka sani da noman albasa a fadama, ni ake tambaya in an tashi shuka. Sai ƙanina, wanda ni na koya wa riƙon fartanya, ya zo da abin da ba mu saba gani ba. Ƙarshen damina ya shuka wake, yana fara fure ya sa garma ya kife shi cikin ƙasa ɗanye shar, wai takinsa ke nan. Na ce masa a gaban jama'a ko mahaukaci ba ya binne harawa tumaki na kuka. Da sanyi ya shigo ya shuka bitrut, wata jar saiwa da masu otal da masu haɗa lemo suke saye a Kano.

Ko buhun taki bai saya ba, amma abin ya yi kyau har wani Alhaji yana aiko mota bakin gona. Waɗanda suka taya ni dariya suka koma tambayarsa. Innarmu ma ta daina cewa a jira Yaya. In na ji ƙarar motar nan, sai in ture tuwona in shige ɗaki.

Da shekara ta zagayo, wakensa ya yi lif, sai na sami wani Bafulatani mai kiwo a bayan garinmu, mutumin kirki. Na ce masa ƙanina ba ya bukatar waken nan, binnewa zai yi, ya sa shanunsa. Ya sake tambayata ko na tabbata. Na ce ni ne yayansa, maganata tasa ce. A wajenmu in wa ya ba da izini an gama, shi ya sa ya yarda. Kafin la'asar ba ganye ko ɗaya.

Ƙanina ya kai ƙara, a gaban mai unguwa Bafulatanin ya ce ni na ba shi izini. Na ce ban taɓa ba. Ya dube ni ya ce Allah yana gani, bai ƙara ba. Aka sa shi biya, ya sayar da karsanarsa, ya tashi da iyalinsa ya koma wajen Kibiya da sunan maƙaryaci. Da babu takin wake, bitrut ɗin ƙanina ya fito ƙanana, Alhaji ya nemi wani. Abin da ya karya ni shi ne ranar da ƙanina ya shigo ya durƙusa, yana gode mini wai na tsaya masa.

Jama'a, ku ji tsoron hassada, musamman ga na ƙasa da ku. Ba ta zuwa da sunanta, sai ta ce maka girmanka take karewa.

Na gaya wa ƙanina gaskiya, ya ce ba shi na fi zalunta ba. Na bi rugage har na sami Bafulatanin, na je da mai unguwa da karsana. Na durƙusa a gaban 'ya'yansa na ce ubansu bai yi ƙarya ba, ni na yi, na roƙe shi ya yafe mini don Allah.