Kaltumi, Wadda Ta Ƙidaya Igiyar Maruƙa

Kafin rana ta yi zafi Malama Kaltumi ta isa biro, ofishin ƙididdiga a Tawa. Ta yaye zanen da take lulluɓa wa ordinatar, wato kwamfuta, ta jawo tulin takardun da ma'aikata suka ciko daga ƙauyuka, ta hau bugawa. Shekara ashirin da biyar ke nan tana wannan aiki, tun zamanin keken rubutu. A watan nan take aje aiki, ni kuwa ban yarda ta fita shiru ba.

Na'urar ta zo mana ne a shekarar fari, 1984, da taurin kai irin na jaki. Gurbin lamba, lamba kawai take so. Ka sa mata kalma, ta watsar da layin gaba ɗaya. Da jerin da take fitarwa kuma ake raba geron agaji, gwargwadon dabbobin da kowa ya rasa. To, makiyayan arewacin Takanamat ba su faɗin yawan dabbobinsu da baki. Da aka tambaye su nawa suka mutu, sai suka ce "Alhamdu lillahi", ma'aikaci ya rubuta hakan a gurbin lamba. Zango goma sha ɗaya suka ɓace daga jerin, kuma ita kaɗai ta lura.

Mushe Alƙasum, shugaban biro, ya ce, "Sa mata sifiri ta yi muna shiru, Kaltumi. Motoci na jira."

Ta ce, "Mushe, in na sa sifiri, na ce ko ɗan akuya bai mutu ba. Ƙaryag ga ba da hannuna ba."

Ta hau motar kasuwa da kanta. A zangon farko, wani dattijo, Rissa, ya ce abin da Allah ya karɓa ba a ƙidaya shi. Ba ta ja da shi ba. Ta roƙi matarsa Tina ta nuna mata dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa, kowane da madaukinsa. Madauki ashirin da uku, maruƙa biyu. Haka ta bi zangunan nan kwana shida, ta dawo ƙafafu sun kumbura, da lambobi a hannu. Na'ura ta karɓa, gero ya tafi.

Ke ce, Kaltumi, kika ƙi yi wa na'ura ƙarya, kika ƙi kunyata makiyayi. Ke kika sa aka ƙara wa takardun gurbin kalma daban. Mun gode, Allah ya saka. Ku da za ku gaji kujerarta, in na'ura ta ƙi layi, ku duba: akwai mutane a cikinsa.

Jiya Tina ta aiko da ƙwaryar cuku da saƙo: "Dangwali ya cika. Ki taho ki gani, amma wanga karo kada ki ƙidaya."