Ranar Da Na Kawo Kwamfuta Borokiri

Bayan yaƙin basasa Baba ya dawo da mu Fatakwal, ni da Inna, ya kama ɗakuna a unguwar Borokiri ya koma harkar shanunsa. Da na girma sai na samu aikin buga tafireta a wani kamfanin gyaran jiragen ruwa, lokacin man fetur yana tashe. A can na fara ganin kwamfuta. Da aka ce dole in koya, shugabata ta ba ni aron guda in kai gida in yi ta gwaji.

Allon ne ya fi komai nauyi, da ƙatuwar ƙeya kamar talabijin. Direban tasi ya taya ni shigo da shi, muka ɗora a teburin da Inna ke jera kwanuka. Baba ya dawo daga kara ya tarar da ni durƙushe a bayan teburin, ya jawo kujera ya zauna.

Wayar da ke haɗa allon da akwatin kwamfutar tana da ƙananan allurai a bakinta. Ina tsoron kada in lanƙwasa ɗaya. Ta ƙi shiga, na juya ta, sai ta zauna daram. Na murɗa ƙusoshin gefe, na jona wuta, na danna maɓallin kunnawa. Aka ji wata siririyar ƙara, gilashin ya yi ta wayewa a hankali, can sai ga koren ɗigo yana ƙiftawa a kusurwa.

Baba ya ce, “To, ina mai karanta labaran?”

Na ce, “Baba, wannan ba ya magana. Jira yake a faɗa masa.”

Ya daɗe yana kallon ɗigon. Sannan ya ce in rubuta sunan ƙanensa, wanda ya rage a Onitsha lokacin gudun yaƙi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Na buga. Haruffan suka fito kore shar. Baba ya tashi ya ɗora yatsa a kan gilashin, ya duba yatsan.

“Ba tawada?”

“Haske ne kawai, Baba.”

A hankali ya ce, “Ikon Allah.” Inna ta kawo tuwo, ya huce a gefensa bai taɓa ba. Da aka kira la'asar ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kada in kashe sai ya dawo.