Gyandamar Irin Kaka

Shekarar da fari ya koro mu daga ƙauyenmu na wajen Tahoua, a Tondibia muka yada zango, bakin kogin da ya janye har yara na tsallakawa. Soja ke mulki, su ke raba jar dawar agaji. Bayan magariba Kaka takan hura ƴar wuta da kashin shanu, mu kewaye ta, hayaƙin na tashi a hankali kamar ba ya son barin mu. Bisa kanta, a jikin bukka, wata gyandama ke rataye cike da irin gero. Duk yunwar da muka sha ba ta bari an taɓa ba.

"Ga ta nan, ta taso muku," in ji ta in za ta fara tatsuniya.

"Ta sauka lafiya, Kaka," mu amsa.

Wai an yi wata tsohuwa mai gajeren gero, zangarniyarsa ba ta fi tafin hannu ba, amma yana nuna da wuri. Duk wanda ya roƙa sai ta damtsa masa, ba ta tambayar ko ɗan wane ne. Ƙa'idarta ɗaya: in ka ga zangarniya mai kyau a gonarka, kawo ta a zuba gyandamar kowa. Gidaje kaɗan suka karɓa, saura dariya suke. Har ƴaƴanta suka ce a gauraya shi da dogon gero, ya yi girma, gari duka ya so shi. Ta ƙi. Damina ta ɗauke da wuri, dogo ya bushe a tsaye, gajere ya riƙe garin.

Na ce, "To mu daka namu mana!"

"Ke uwar baki! Cikinki na yau zai cinye cikin jikokinki?"

Ban san boko ba sai da na haura arba'in, a ajin yaƙi da jahilci. Ƴata Rakiya kuwa ta yi zurfi. Ita da wasu mutum kaɗan, da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, suna kula da wata ƴar manhaja mai riƙe shafukan intanet ta miƙa wa mai nema, sarba suke ce mata. Kyauta ce, kowa na iya ɗauka ya gyara. Manhajar ce ke riƙe da shafin ƙungiyarmu ta masu sayar da yaji a kasuwar Petit Marché, a kan tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da ke farfaɗowa da kanta in kuran lantarki ya dawo.

Rannan ta zo jiki a sanyaye. "Inna, ba kowa ke amfani da manhajar nan ba. Abokan aikina sun ce a ɗora mata ƙarin kaya irin na manyan manhajoji don kamfanoni su karɓa. In na ƙi, watakila su watse su bar ni."

"In an ɗora, tsohuwar ordinatarmu za ta iya ɗauka?"

Ta girgiza kai.

Sai na ji warin hayaƙin nan na Tondibia, na ga gyandama na lilo bisa kan Kaka. Na ce mata, "Ni ban san sarbarku ba, gero na sani. Su ɗebi irin su gauraya a tasu gonar, ai kin ce ba a hanawa. Ke riƙe gajeren."

Ta riƙe gajeren, mutum biyu cikin abokan aikinta suka zauna da ita. Shafinmu yana nan, ko jiya an nemi yaji ta kansa daga Zinder.