Kiɗan Mahaifin Ismay

A tsibirin Kariyaku babu wanda bai ci tuwon Ismay Bedeau ba, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin rawarta. Tun tana budurwa ita ake kira idan za a yi saraka, abincin da ake dafa wa matattu da masu rai a rana ɗaya. Ta tuƙa tuwon masara, ta mulmula shinkafa, ta dafa wake da naman akuya, ta ware na matattu ba gishiri. Idan makaɗa suka zauna da gangunansu uku, ita tana can bayan gida tana fama da hayaƙi. Kowa ya ɗauka aiki ne ya hana ta shiga filin rawa, alhali ba ta san kiɗan da za ta tashi wa ba ne.

Kusan kowane gida ya san ƙabilar kakansa da aka sauke daga jirgin bayi, kuma ta wajen uba ake gadonta. Wannan Temne, wancan Manding, na gaba Ibo. Harshen ya ɓace, sunan garin ya ɓace, kiɗa kawai ya rage, kowace ƙabila da nata. In aka buga naka sai ka shiga fili, matattunka su biyo ka.

Mahaifinta Theo ya tafi Aruba aikin matatar mai tun tana goye, uwarta kuma ba ta yi tsawon rai ba. Sai da Ismay ta haifi 'ya'yanta ya dawo, da furfura da tari da wata rediyo da ba ya rabuwa da ita. Ta yi jinyarsa shekara da shekaru. Hirarsu ba ta wuce ta ruwan sama da awaki. Sau ɗaya tak ta tambaye shi, yana shan shayi.

"Baba, mu wace ƙabila ce?"

"Ƙabilar masu tari," in ji shi. "Miƙo min sukari."

Ta miƙa masa, ba ta sake tambaya ba. Ranar da ya rasu ba ta yi kuka ba, ta dai hura wuta ta ciyar da 'yan zaman makoki. Kabarin ya daɗe ba a ɗora masa dutse ba, har wata safiya Verna, 'yar yayar mahaifiyarta, ta shigo ko sallama babu.

"Kawu Theo ya zo min a mafarki. Wai ruwa yana dukansa, dutsensa yake so."

"Ni da na wanke masa kashi bai zo min ba, sai ke, Yaya?"

"Ke barci kike yi? Faɗuwa dai kike kamar buhun masara. Ta ina bawan Allah zai shiga?"

Dutse ba ya hawa kabari sai an yi biki an kira mamacin da kiɗan ƙabilarsa. In ba haka ba, ya zo ya tsaya a bakin fili kamar baƙon da ba a ce ya shigo ba. Don haka Ismay ta sauka bakin teku wajen Cosmos, tsohon da ke riƙe da babbar ganga, ta same shi yana ɗinkin koma.

"To 'yar Theo, wanne zan buga masa?"

"Shi na zo tambayarka, Baba."

Tsohon ya daɗe yana jan zare. Ya ce kakanta daga wani tsibiri ya zo, bai jima ba teku ta cinye shi, shi kuwa Theo ko kai bai taɓa kaɗawa a fili ba.

"Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya," ya ce. "Jikinki ya sani, ko ke ba ki sani ba. Idan muka zo kan naku, ƙafarki za ta gaya miki."

"In ba ta gaya min ba fa?"

"Ban taɓa ganin haka ba."

Ranar bikin aka hana ta zuwa murhu. Aka zaunar da ita a kujera a bakin fili, tawul biyu da ake riƙewa wajen rawa a cinyarta. Da la'asar aka yayyafa wa ƙasa giya da ruwa, aka buga tsohuwar fartanya da cokali don matattu su ji su matso. Aka buɗe da kiɗan ƙabilar Kromanti kamar kullum. Ismay ta kasa kunne iyakar ƙoƙarinta, amma abin da ya fara isowa gare ta ƙauri ne, wata ta bar tuwo ya kama.

Aka buga Temne, Verna ta shiga tana juyi duk da ciwon gwiwarta. Aka buga Manding, aka buga Ibo, Kongo, Arada. Duk wanda aka gama sai idanu su juyo kan Ismay. Ta jira tsikar jiki, ta jira hawaye, ko da kunya ce ta jira, babu wanda ya zo. Tana zaune kamar mai jiran kwale-kwale, tana kallon hannun Cosmos da ya fara kumbura, da yaran da suka zuba wa tukwane ido, don ba a raba abinci sai an kira mamacin.

Na ƙarshe Moko ne, wanda masu shi suka kusa ƙarewa, filin ya zama wayam. Daidai lokacin ƙafarta ta hagu ta sage saboda daɗewar zama. Ta miƙe don ta miƙar da ita.

Kafin ta buɗe baki guɗa ta tashi. Cosmos ya ƙara wa ganga wuta. Ta dubi kujerar, ta dubi mutane, ta ga komawa ta fi shiga wuya, sai ta ɗauki tawul ta shiga. Takun ba baƙo ba ne, ta sha ganinsa ta cikin hayaƙi. Ta yi shi daidai, ba kuskure, yadda take tuƙa tuwo, sannan ta taɓa ganga da gefen zanenta, alamar ta gama, aka tsaya.

Verna ta rungume ta tana kuka. "Ashe Moko ne. Shi ya sa Kawu ba ya son magana, haka suke."

"Ban gaya miki ba?" in ji Cosmos, yana tsoma hannunsa a ruwa.

"Ka gaya min, Baba."

Washegari da hantsi aka ɗora dutsen. Mutane suka watse suna ta labarin yadda jini ya tashi 'yar Theo. Ita ta tsaya ta tattara kwanonin da aka kawo wa mamaci, ta share siminti da ya zuba a gefe. Ta daɗe tana kallon sunansa a jikin dutsen, har yanzu ba ta ji komai ba.

"Baba," ta ce, "in Moko ba ƙabilarka ba ce, ka yi haƙuri ka bi su haka nan. Ni ma haka zan yi."